Yaya Mai Fenti da Alfadarinsa

Daga Allah muka fito, gare Shi kuma za mu koma. Ranar Talata, goma sha huɗu ga watan Mayu, da hantsi, Allah Ya karɓi ran yayana, wanda mutanen layinmu suka fi sani da Mai Fenti. Ya cika a gadon asibiti, bayan jinyar da ba ta yi tsawo ba. Ya bar matarsa, wadda kowa ke kira Malama, da 'ya'ya biyu, babban yana aiki a wani gari, Auta tana gida, sai kuma ni ƙanwarsa. Ina shago ina yankan yadi aka kira ni a waya. Na saki almakashi na fita ko ƙofa ban ja ba, maƙwabciyata ce ta rufe mini.

Tun daga ranar masu zuwa gaisuwa suke ba ni haƙuri, ina kuwa yi, don ba ni da abin da ya wuce shi. Amma akwai maganar da ban iya faɗa wa kowa a zaman makoki ba, saboda ba wurinta ba ne. Haushinka nake ji, Yaya. Irin haushin nan ne da na saba ji kana da rai, sai dai yanzu babu ƙofar da zan je in buga in zazzage maka shi, kana saurarona kana murmushi, in na gama ka ce, "To, Ƙanwata, kin ci abinci kuwa?" Wanda ya ga ta'aziyyar nan ta zo da mita, ya yi mini uzuri, bai zauna da kai ba ne.

Kafin in fara, ya kamata a san matsayinka a wurina. Mahaifinmu ya rasu ban yi wayon da zan riƙe kamanninsa ba. Kai ka bar makaranta ka shiga gareji don tukunyar gidanmu ta ci gaba da hawa wuta. Kai ka zauna da mahaifiyarmu a ciwonta na ƙarshe, kai ka tsaya a matsayin uba ranar aurena. Da na ce ɗinki nake so, ba ka yi mini gardama ba. Wata rana sai ga ka da keken ɗinki, baƙi, mai ƙafar ƙarfe, ka ɗauko kan a kafaɗa, abokin aikinka yana biye da ƙafar. Da wannan keken nake cin abinci har yau. Ban san wani uba ba sai kai.

Sana'arka feshin fentin mota ce, kuma hannunka ya yi suna. Amma ba ka taɓa yarda ka rufe hanci ba, wai da hanci kake gane ko haɗin fenti ya yi. Na ɗinka maka abin rufe hanci ban san iyaka ba, da yadi mai laushi, ninki-ninki, da igiyar da ba ta cin kunne. Ranar da na biyo ta garejin ba zato, na tarar da su a bakin gwangwani, da su kake tace fenti. Ko kunya ba ka ji ba. Cewa ka yi in ƙaro, wai yadin nan ba ya barin gudaji ko ɗaya ya wuce.

Bayan fenti, abin da ka fi so a duniya sarewa ce. Tun kana yaro kake busa ta. Kullum in ka tashi daga aiki ka yi wanka, sai ka zauna a dokin ƙofa ka yi ta busa har a kira ka cin abinci. Sai tari ya zo. Aka sha magani, ya lafa, ya dawo, har ta kai hawa 'yar matakala ma sai ka tsaya ka huta. Da ƙyar muka ja ka gaban likita. Ya duba hoton ƙirjinka, ya ce fenti ya ci huhun, abin da ya rage sai a lallaɓa shi. Ya hana ka feshi, ya hana ka busa. Na farkon ka karɓa rabi da rabi, ka bar wa abokan aikinka feshin, kai ka koma haɗa launi a bakin ƙofa inda iska ke kaɗawa. Na biyun kuwa ba ka ce komai ba, ka naɗe sarewar a tsumma ka ajiye. Muka yi ta hamdala, muna cewa yau dai Yaya ya ji magana. Mun manta cewa shirunka ya fi surutunka haɗari.

Ashe lissafi kake yi. Likita ya ce kada ka busa da ƙirjinka, bai ce kada a busa ba. Saboda haka abin da ake bukata kawai shi ne wani ƙirjin da zai yi busar a madadinka. Ni ce kuwa farkon wadda wannan hikima ta faɗa wa a ka.

A lokacin na sa wa kekena ƙaramin inji mai aiki da wuta. Wata rana na dawo daga sayen zare na tarar da kan keken a zaune a kan teburin katako sabo fil, ya sha fenti, ƙafar ƙarfen kuwa da wilinta da bel ɗinta babu su babu alamarsu. Ban tambayi kowa ba, fentin teburin ya gaya mini ɓarawona. Na same ka a ɗakinka ka baje kaya, ƙafar kekena tana tsaye a tsakiya.

Na ce, "Yaya, me kekena ya yi maka?"

Ka ce, "Ai kin sa masa inji, Ƙanwata. Ƙafar zaman banza take yi, tsatsa za ta ci ta."

"In an ɗauke wuta fa?"

"Sai ki huta. Kin cika aiki, dubi yadda kika rame."

A makon aka ɗauke wutar, ina da ɗinkin kayan 'yan makaranta jibge, ga iyaye suna sintiri. Na koma juya keken da hannu ɗaya ina tura yadi da ɗayan, har kafaɗata ta kumbura. Da labari ya kai maka, sai ga ka. Ka jawo kujera ka zauna a gefena, kai kana juyawa ni ina ɗinki, kana tari kana ba ni labarai, tun safe har yamma, har muka sallami mai kaya na ƙarshe. Amma ƙafar ba ka dawo da ita ba. Halinka ke nan gaba ɗayansa, Yaya. Za ka ba mutum kafaɗarka da yininka da numfashin da ba ka da shi, amma abin da ka ƙudura a ranka, ko da kuka ba a ɓamɓare shi.

Bari in kwatanta abin da ka ƙera, don waɗanda Allah Ya hutar da kunnuwansu. Gangar jikinsa tsohuwar durowar ɗakinku ce, aka kwashe tufafin Malama aka zuba a kwali. A samanta ka ja tsirkiyoyi na wayar birkin keke, irin yadda ake ja wa molo. A bayanta ka jera bututun ruwa na roba a tsaye, tsawo daban-daban, kowanne da bakinsa irin na sarewa. A ƙasa ƙafar kekena ce ke motsa wani zugazugi da ka haɗa da katako da robar cikin tayar mota, shi ke tura iska. Cokulan Malama ka buge su suka miƙe, ka jera su a gaba, in ka danna cokali sai iska ta shiga bututunsa. Hannun dama yana kaɗa tsirkiya, na hagu yana danna cokula, ƙafafu suna takawa, gwiwa kuma tana dukan murfin gwangwanin fenti da ka rataye a gefe a matsayin ganga. Wanda ya hango ka ta taga sai ya ɗauka rina ce ta shiga maka riga.

Auta ce ta raɗa masa suna. Ta zagaya shi, ta ce, "Baba, wannan ai ba molo ba ne, ba kuma sarewa ba. Alfadari ne." Mun zaci za ka ji haushi, sai ka yi dariya har tari ya sarƙe ka, ka ce alfadari ai ya fi doki juriya, ya fi jaki ƙarfi. Ka yi masa fenti kore shar, mai sheƙi kamar motar da ba ta taɓa hawa titi ba, ka rantse mana da burushi ka shafa, mu kuwa muka yi kamar mun yarda. Da da ido ake sauraron kiɗa, da tun ranar ka gama da kowa.

Amma da kunne ake ji, kuma ban san yadda zan faɗa cikin ladabi ga mamaci ba. Tsirkiyoyin suna bin hanyarsu, bututun suna bin tasu, ba sa haɗuwa ko a mararraba. In ka gaji da takawa sai sautin ya lanƙwashe ya yi ƙasa kamar kukan akuyar da aka ɗaure a rana. Kullum amsarka guda ce: "Saura kaɗan." A kan wannan saura kaɗan ɗin sandar labule ta ɓace, da marfin tukunya, da wayoyin rataye kaya. Malama ta koma tafiya makaranta da sauran cokulanta a jaka, tare da littattafan yara.

Akwai maigadin da ɗakinsa ke manne da naku, bango ɗaya ya raba ku. Aikinsa na dare ne, barcinsa na rana, daidai lokacin da kake gwaji. Ya daure iya daurewa, ran nan ya fito idanu jajir, ya ce, "Mai Fenti, don girman Allah, me na yi maka?" Ka tashi tsaye, ka riƙe hannunsa da hannu biyu, ka ba shi haƙuri har idonka ya kawo ruwa. Muka ce to, ƙarshen Alfadari ya zo. Washegari sai ga ka da tsofaffin katifu da kwalayen ƙwai a baro. Ka lulluɓe bangon ɗakin mutumin da su, ka rufe da katako ka yi fenti, ka gyara masa tagar da ta daɗe a karye, ka toshe yoyon rufinsa. Wato maimakon ka rage ƙara, sai ka toshe wa mai ƙorafi kunne. Bawan Allah ya ce tunda yake bai taɓa kwana a ɗaki mai kyan wannan ba, to da wane bakin zai sake magana? Ba a cin ka a faɗa, Yaya. Kafin mutum ya gama tattara hujjojinsa ka ɗora masa alherin da zai danne masa harshe.

Abin da ya kusa raba gidanka shi ne taron ba da kyaututtuka na makarantar da Malama ke koyarwa. Kowane hutu kai kake sabunta musu fentin allunan azuzuwa kyauta, don haka da ka ce wa shugaban makarantar kana so ka yi wa yara kiɗa, nauyinka ya hana shi cewa a'a. Malama ta roƙe ka. A gabana ta ce, "Ka rufa mini asiri, a wurin nan nake da mutunci." Ka ce ta kwantar da hankalinta, ka gyara komai. Ka turo Alfadari a baro har filin makarantar. Aka ajiye shi a rana, masu jawabi suka yi ta jawabi, roba tana laushi, waya tana saki. Da aka kira ka, ka zauna, ka taka, ka danna cokalin farko. Cokalin ya maƙale. Babban bututun ya saki wani kuka irin na saniya, ya ƙi tsayawa. Kana kokawar ɗago cokalin da hannu, ƙafafunka kuma sun manta su daina takawa. Sai zugazugin ya fashe. Iyaye suka watse, babban baƙo ya tsinci kansa a bayan kujerarsa, yara kuwa har da birgima don dariya. Daga ranar, duk sanda Malama ta juya za ta yi rubutu a allo, sai wani daga bayan aji ya yi mata kukan saniya.

Ta haɗa jakarta ta tafi gidan yayanta. Ni na je ba ta haƙuri. Ina tsammanin maganar kunya za ta kawo mini, sai ta ce, "Ba dariyar yara ce ta kore ni ba. Ina kallonsa yana taka abin nan, gumi yana zuba, leɓensa ya yi baƙi, yana haki kamar wanda aka koro. An hana shi busa da baki ya koma busa da ƙafa, huhun kuwa guda ne. Ba zan zauna ina kallo ya kashe kansa a gabana ba." Gaskiyarta ce kuwa.

Na kawo maka maganar. Sai ka ɗauko sifana ka warware Alfadari noti bayan noti, ka zuba a buhuna ka tura ƙarƙashin gado. Ka wanke cokulan, miƙaƙƙu yadda suke, ka kai mata da kanka. Ta dawo. Ƙafar kekena, in wani yana son sani, bayan ƙofa aka jingine ta, ba wanda ya tuna tana da mai ita.

Gida ya yi tsit, mun sami abin da muka daɗe muna roƙo, sai dai ba mu ji daɗinsa ba. Ka daina tsokana, ka rage cin abinci, ka koma zama a dokin ƙofa kana kallon masu wucewa, yatsunka suna motsi a kan gwiwarka kai ba ka sani ba. Ba ka yi ƙorafi ba ko sau ɗaya, wannan kuwa ya fi ƙorafin ciwo. Malama ta daure har damina ta wuce. Ran nan ina gidan da yamma, ta fito daga ɗaki ta zube cokulan a gabanka. Ta ce, "Ga kayanka nan, Baban Auta. Amma da sharaɗi. Ƙafarka ba za ta sake taka shi ba. Ko ni, ko Auta, ko duk wanda tsautsayi ya kawo."

Ka sake haɗa shi, wannan karon ka mayar da abin takawar gefe, ka yi masa benci. Abin haushin, wanda har yau ban huce ba, shi ne daga nan Alfadari ya fara kiɗa. Ashe duk shekarun nan waya da bututu ba su da laifi, iskar ce ba ta zuwa daidai, saboda mai taka ta ba shi da numfashi. Da ka yarda wani ya kama maka tun farko, da Malama ba ta bar gida ba. Amma kai ka iya ɗaukar kayan kowa, naka kuwa ko tsinke ne sai ka ɓoye.

Malama tana takawa kamar mai fushi da ƙasa, Auta tana takawa tana duba waya. Wanda tsautsayi ya kawo, ni ce. Ranar da na zauna a bencin don kawai in rufe maka baki, ka ji iskar, ka juyo ka ce, "Ƙafar tela daban ce! Ƙanwata, ai ke aka yi wa wurin nan." Haka na koma rufe shago da wuri duk ranar da kake jin ƙarfi, in zo in taka maka ƙafar kekena da ka sace, kai kuma kana yi mini gyara, wai na cika sauri.

Zan faɗi gaskiya tunda ba ka nan balle ka yi mini dariya. Kiɗan yana da daɗi. Wanda ke kan bencin ba da kunne kaɗai yake ji ba, sautin yana bi ta katakon ya hau ƙafa ya zauna a ƙirji. Bututun suna jan dogon sauti mai sanyi, tsirkiyoyin suna tsalle a kansa kamar yara a bayan babba. Ba waƙar kowa kake kaɗawa ba, abin da ya zo maka ne, kuma ba ka maimaita shi gobe. Maƙwabta suka fara leƙowa da yamma, wasu da kujerunsu. Wata tsohuwa da 'ya'yanta suka yi nisa takan zo ta zauna, in an gama ta share ido ta tafi.

Yanzu na zo kan abin da ya fi ƙona mini rai. A farkon watan da ka rasu wani direba ya zo garejin, yana tuƙa wa wani mai hali mota. Ya goga ƙofar motar a jikin ginshiƙi, maigidansa kuwa yana hanyar dawowa daga tafiya, kuma mutum ne da ba ya jin uzuri. Direban yana da iyali, yana da mahaifiya a kwance. Ranar hutu ce, abokan aikinka duk ba sa nan, kai kaɗai ka leƙa don ɗauko wata waya. Ya yi maka bayani. Kai ka san abin da likita ya ce. Ka san yadda muka yi ta tattalinka kamar ƙwai. Ka haɗa launin, ka shigar da motar rumfa, ka saki labulen leda don kada ƙura ta ɓata aikin, ka fesa, ka jira ya sha iska, ka sake fesawa, a rufe, hanci a buɗe. Direban ya ce da ka fito ka jingina da bango, ka ce masa ya je, ko mai motar ba zai gane ba. Bai gane ɗin ba kuwa. Kai kuma kafin magariba an kai ka asibiti.

Na tambaye ka a gadon, na ce, "Yaya, ba za ka iya cewa ya jira gobe ba?" Ka janye robar iskar da aka sa maka a hanci, ka ce, "Kafin gobe ai an kore shi daga aiki." Na ce, "Mu fa?" Ba ka amsa ba, ka dai kama hannuna. Ban sani ba har yau ko amsar ce babu ko numfashin. Direban ya zo gaisuwa, ya durƙusa a gaban Malama yana kuka. Bai san kana da ciwo ba, ba ka gaya masa ba. Ba shi da laifi ko kaɗan, na sani, na kuma gaya masa haka, amma da ƙyar na iya kallon fuskarsa.

Ganina da kai na ƙarshe, ka yafito ni da hannu. Na sunkuya na kai kunne bakinka, ina jiran wasiyya, ko wata magana game da Malama da yara. Ka ce, "Bututun ƙarshe na hagu yana yoyon iska. A sa masa gam, kada a buga ƙusa." Na ɗago na dube ka. Na ce, "Yaya, maganar ke nan?" Ka ce, "Sauran ai kin san su." Na fita baranda na yi kuka, rabi na baƙin ciki rabi na takaici. Malama ce ke tare da kai washegari da hantsi. Ta ce ka cika da kalmar shahada a bakinka, a hankali, ba wahala. Wannan ya sanyaya mini rai fiye da duk abin da aka faɗa mini.

Ko bayan tafiyarka ba ka bar mu mun huta ba. An yanke shawara in Malama ta gama takaba, ita da Auta za su koma wurin babban ɗanku, aka ce a fara rage kaya tun yanzu. Majiya ƙarfi suka zo ɗaukar Alfadari, suka kai shi bakin ƙofa, ya ƙi fita. Aka juya shi ta gefe, aka kwantar da shi, aka cire ƙyauren, aka auna taga. Ashe tun da ka sake haɗa shi a cikin ɗakin kake ƙara masa bututu da reshe, yau ɗaya gobe ɗaya, har ya fi ƙofar faɗi da tsawo, kai kuma ko sau ɗaya ba ka ɗaga kai ka dubi ƙofar ba. Ba zai fita ba sai an warware shi, in kuwa aka warware babu mai iya mayarwa, don tsarinsa a kanka yake, ka tafi da shi. Abokin aikinka mai walda ya zo da sifana, ya zagaya shi, ya taɓa nan ya taɓa can, ya mayar da sifanar aljihu ya ce wallahi ba da hannunsa ba. Auta ta shige ɗaya ɗakin ta rufe ƙofa. Mai gidan hayar yana tsaye, mutumin kirki ne, amma yana da masu jiran wurin, ya ce mu faɗa masa abin da muka yanke.

Sai na ji bakina yana cewa ni zan karɓi ɗakin. Ni da nake da shago a bakin titi inda masu wucewa ke ganina, zan kwaso kayan ɗinkina in dawo lungu, in zauna da wani koren dodo da ya cinye rabin ɗaki, wanda babu mai iya kaɗa shi a duniya. Auta ta san cokulan kaɗan-kaɗan, tsirkiyar kuwa ba wanda ya sani. Ta ce za ta riƙa zuwa hutu tana gwadawa. Ka ga abin da ka ja mini, Yaya. Na sayi gam ɗin. Na shafa a bututun ƙarshe na hagu, ban buga ƙusa ba, kuma har yanzu yana yoyo.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Malama, wadda ta yi haƙurin da ba kowace mace za ta iya ba, ta kuma so shi fiye da yadda bakinta ya taɓa faɗa. Allah Ya ba ki ladan zaman da kika yi da shi, Ya sanyaya miki zuciya. Ga babban ɗansa da Auta, Allah Ya raya ku a kan alherin mahaifinku, Ya ba ku taushin zuciyarsa, Ya rage muku taurin kansa. Abokan aikinsa na gareji, da maƙwabta, da duk wanda ya tako ko ya aiko, Allah Ya saka muku da alheri. Direban nan ma ina yi masa ta'aziyya, Allah Ya sauke masa nauyin da ya ɗora wa kansa, kwana ne ya ƙare.

Ya Allah, ga bawanKa nan ya zo gare Ka. Ya riƙe marainiya bai taɓa goranta mata ba, ya rufa asirin wanda bai sani ba da ɗan ƙarfin da ya rage masa. Ka gafarta masa kurakuransa, Ka yalwata masa kabarinsa Ka haskaka shi, Ka musanya masa ƙuncin ƙirjin da ya sha da yalwar rahamarKa, Ka haɗa shi da iyayenmu a Aljanna. Mu da muka rage, Ka ba mu haƙuri, Ka kyautata namu ƙarshen.

Ni kuwa na yafe maka, Yaya, duniya da lahira, duk da ba ka taɓa neman yafiyar ba, tunda ba ka taɓa yarda ka yi laifi ba. Kai ma ka yafe mini. Allah Ya jiƙanka da rahamarSa, amin.